Ranar da Saude Ta Kama Sunan Surukinta

Saude matar Suhaibu mai tumatir, ta nan Bunkure, tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan surukinta ba. Ɗanta ma da ya ci sunan tsohon, Baballe take ce masa. In mai tallan kifi takwaran surukin ne, gara a sha miya lami da ta kira shi.

Bayan haihuwa biyu ta koma makaranta a Kano, wai karatun jarida. Muka ce to madalla, mu muna gulma kyauta, ga wadda za ta yi ta da takardar shaida.

Malamarsu, Malama Jemima, ba ta yarda da zaman aji kawai ba. Kowa ya koma garinsu ya ɗauko muryoyin mutane a waya, kuma kafin a kai gidan rediyo sai an kunna wa masu muryar sun amince. Saude ta zaɓi maganar gonakin ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya isa sai shinkafa ta fara ja. Mai rabon ruwan layin kuwa surukinta ne.

Ta durƙusa ta yi hira da shi. Da ta ce ya faɗi sunansa, sai ya ce, "Wa bai san ni ba?" Don haka a gabatarwa ta ce, "Ga Baba."

"Baban wa?" in ji malamar. "Mai sauraro a Wudil ɗan gidanku ne? Faɗi sunansa."

Ta sake ɗaukar gabatarwar ta faɗa, ƙofa a rufe. Daga ranar abinci ya daina shiga. Ta ƙona tuwo, ta zuba gishiri a kunu. Ta tambayi Suhaibu ko a ce wayar ta faɗa kanal.

"Ni dai ranar ina gona," in ji jarumin.

Ranar kunnawa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar, manoma a gaba, mata a zaure. Saude ta danna wayar. Muryarta ta fito tas: "Malam Dalhatu, mai rabon ruwa."

Uwar mijinta ta ajiye mafici.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Maganar ruwan haka take, a kai. Amma a maida farkon in ƙara ji. Tun rasuwar mahaifiyata ban ji mace ta kira ni haka ba."

Aka maida, aka sake.

Shi dai ya amince. Uwar mijin ce har yau in Saude ta durƙusa gaisuwa take cewa, "Sannu, mai rediyo. Nawa sunan yaushe?"