Mu Biyu a Mota Guda

Sana'ata rewaya ce, wato gyaran wutar mota, kuma a Kaura Namoda nake yin ta, a wata rumfar kwano kusa da kasuwar hatsi. Motocin mutane da yawa sun bi ta hannuna, amma babu wadda ta hana ni sukuni irin ta yayana. Direba ne, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, kuma Allah ya yi shi da saurin fushi. Ni ma dai ba kanwar lasa ba ne, sai dai shi ne babba, dole nake haɗiye nawa.

Motarsa ce ta tsiro da wani hali. A cikin gari lafiya lau take. Da ta fita hanya ta ɗauki zafi sai ta soma fizga, ƙarfinta ya zube kamar an riƙe ta ta baya, can kuma ta saki. A hanyoyinmu na yanzu wannan ba ƙaramar magana ba ce. In mota ta mace maka a daji ba bakanike kake jira ba, kowa ya san su waye ke fitowa a kan babura.

Na jona mata na'urar gwaji, ta nuna laifin yana layin sensan oksijin. Shi wannan sensa ɗan ƙarfe ne mai kama da fulogi, a ɗaure yake a jikin salansa yana shinshinar hayaƙi, yana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ya yi mata ƙarya sai ta bi ƙaryar. Na cire shi na sa wani, na zaga gari da motar har ƙofar kwalejin kimiyya na dawo, tsaf. Washegari yayana ya dawo daga Shinkafi ya jefo mini makulli a cinya, bai ko yi sallama ba.

Na san na'ura ba sensa kaɗai ta ambata ba, layinsa ta ce. Na bi wayoyin da mita ɗaya bayan ɗaya, masu kai masa wutar da ke ɗumama shi da masu ɗauko saƙonsa. Na ja su, na girgiza su, na watsa musu ruwa. Ko gezau. Babu abin da ke ƙona ran mai gyara kamar ciwon da ke ɓuya in ya zo dubawa.

Ana cikin haka saƙon Inna ya iso. Mahaifiyarmu tana ƙauyenmu, gaba da Zurmi. Shekaru muna roƙonta ta dawo gari tana ƙi, ta ce ba ta barin rumbunta da kushewar mijinta. A makon nan aka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, sai ta aiko cewa a zo a ɗauke ta. Mun san halinta, in ta ce yau to yau ne, gobe tana iya cewa ta fasa.

Na ce wa yayana kada ya tafi da motar nan, ya nemi aro. Ya tambaye ni wane ne zai ba da aron motarsa zuwa can.

"Kai ka gyara ta," ya ce. "In ka yarda da aikinka, shiga mu tahi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na ga ko ba komai zan ga ciwon da idona, tunda a rumfa ya ƙi fitowa. Na ɗauki na'ura da filaya da salatif na shiga gaba.

A tafiya motar ba ta yi ko tari ba. Yayana har da zolayata, wai ashe tsorona take ji. Ni dai idona na kan na'ura, inda lambar sensa ke hawa tana sauka kamar yadda ya kamata.

Mun tarar da Inna zaune a kan buhunan geronta a ƙofar gida. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta dube shi, ta dube ni.

"Mi as sa kunka zo ku biyu?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Tun da hanya ta lalace, mutanenmu suka daina haɗa masu ciyar da gida a mota ɗaya, don in an tare ta a samu wanda ya rage. Fushi ya mantar da mu duka. Muka hau loda kaya: gero, turmi, tabarmi, da babbar tukunyarta da ta ɗaure murfinta da robar taya ta rungume a cinya. Kafin mu gama bayan motar ya zauna sosai.

Bayan mun wuce Zurmi akwai wani hawa da kwalta ta farfashe, daji hagu da dama, babu gida babu gona. Nan ta fizga. Na dubi na'ura, lambar da ke rawa ɗazu ta haye sama ta ƙame, a inda sensa ba ya iya kai ta da kansa. Nan take na gane. Wata wuta ce ke shiga wayar saƙo, kuma babu wuta a kusa sai wadda ke ɗumama sensan. Ƙwaƙwalwar na jin mai ya yi yawa, tana ta rage shi, inji na shaƙewa. Sannan kullum ni mota wayam nake gwadawa, shi kuwa da kaya yake hawa hanya.

Na ce ya tsaya. Ya ce ko na haukace ne, nan wa ke tsayawa. Motar ce ta raba gardamar, don tafiyarta ta koma ta mai ƙafa, dole ya tsaya.

Na buɗe bonet, na ce ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya ɗan taka totur. Inji ya yunƙura ya karkata, ashe kujerarsa, wato robar da ke riƙe shi, ta saki, sai na ga damin wayoyin da ke bayansa ya sauka ya taɓa salansa. Na juya shi da filaya. Ta sama lafiya lau, ta ƙasa roba ta narke, wayoyi biyu tsirara suna gogar juna. Na ce ya kashe.

Da inji ya yi shiru sai muka ji su. Babura ne, can nesa ta cikin daji, kuma ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Wurin matsattse ne, filaya ba ta iya aikin, salansa kuwa ta yi zafin da ko yawu ka tofa sai ya yi ƙara. Na cusa hannu. Na ji bayan hannuna ya manne da ƙarfe, na ji ƙaurin fatata, ban cire ba. Na raba wayoyin, na naɗe kowace da salatif. Saura abin da zan ɗaure damin ya nisanci salansa, ban kuwa zo da komai ba. Na ɗaga kai ina dube-dube, sai ga hannun Inna ta taga, ta miƙo robar tukunyarta. Bakinta na ta motsi da addu'a.

Na ɗaure, na maida bonet, na faɗa mota. Ƙarar ta matso har ana rarrabe babur da babur. Yayana ya murza makulli, ta tashi, ya taka ta, ta ɗauki hawan nan da kayanta kamar ba ita ba. Lambar ta koma rawarta. Ni ban waiwaya ba. Shi ya dubi madubi sau ɗaya ya ƙara wuta, kuma har yau bai gaya mini abin da ya gani ba.

Mun shiga Kaura ana kiran la'asar. A tsakar gida Inna ta sa aka kawo zuma tana shafa mini a ƙunar, yayana na riƙe da wuyan hannuna don kada in fizge. Bai ba ni haƙuri ba, ba ya cikin halinsa, amma ya daɗe bai saki ba. Na zaci za ta sa mana albarka. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Ɗiyana biyu kaɗai Allah ya bar min. Ban yahe ba in kunka ƙara shiga mota guda bisa wagga hanya."

Daga baya na sake wayoyin, aka canza kujerar inji, motar ba ta ƙara fizga ba. Tabon yana nan a bayan hannuna. Da rasuwar kawunmu ta kai mu ta'aziyya Zurmi, yayana ya tafi a motarsa da kujerar gaba babu kowa, ni kuma na tsaya a tasha ina jiran ta haya ta cika.