Na'urata Ta Yi Hausa, Ta Jawo Mini

Jama'a, yau gyara ne ya kashe mini kasuwa!

Kun san 'yar na'urar da na haɗa mai auna ruwan rijiya. Da safe na ɗauko ta daga Gwandu zuwa Kalgo, don a can ne abokina Sani yake da kwamfuta a shago. Alhaji Bello, shugaban manoman fadamarmu, ya kawo ni a motarsa don ya gani da idonsa kafin ya sa ƙungiya ta karɓa.

Na jona wayar na'urar da kwamfutar. Sai ga shirme a allo! Ƙugiyoyi, akwatuna, haruffa a birkice, ba kalma ko ɗaya.

Alhaji kuwa ya gyara zama yana murmushi. Ya ce, "Ikon Allah! Yaro, wagga yaren injin Turai taka yi!"

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma ina! Na ce, "Baba, matsala ce, bari in gyara." Na sake waya, banza. Na duba wayar ƙasa ta cikin na'urar, lafiya lau. Can na gano na'urar na aika saƙo da gudu ɗaya, kwamfutar na saurare da wani. Na daidaita su.

Rubutu ya fito tar: RUWA YA RAGU A RIJIYA.

Na waiwayo ina washe baki. Alhaji ya karanta, ya ɓata rai.

"Au, Hausa taka ji? Ashe haɗin gida ce." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Wanga zance ko guga ya iya gaya mini."

A motar haya na dawo, na'urar a cinyata, tana aiki lafiya ƙalau.