Farin Shafin Kawu Mai Zare

Kawuna, wanda kowa ke kira Mai Zare, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinke littattafai a wani ɗan shago mai warin gam. Da ya rasa ganinsa, ya ajiye allura, ya zauna a gida kamar an zare masa laka.

Sai 'yarsa ta saka masa manhaja mai magana a kwamfuta, wadda ke karanta masa duk abin da ke kan allo. Ranar da ta koya masa haɗa fayilolin PDF su zama ɗaya, ina falo na jiyo ihunsa.

"Ku zo ku gani! Na ɗinke littafi guda, ko yatsa ban soke ba!"

Tun daga nan ɗalibai suka dawo masa. Su turo aikinsu babi-babi a warwatse, shi kuma ya kasa kunne, muryar tana kiran sunan kowane fayil, yana jera su yana dariya shi kaɗai.

Abu ɗaya ne ba ya bari. Kowane aiki sai ya sa farin shafi a gaba, wani a baya, kamar yadda ya saba a shago. Wata ɗaliba ta bugo waya, wai shafin farko babu komai, ko kuskure ne?

Kawu ya gyara zama. "Kuskure? 'Yata, littafi bai taɓa fita daga hannuna tsirara ba. Ba kuma zai fara yau don na makance ba."