Asabar a Hanyar Gadaka

Matata ta rasu a farkon damina, kwanaki kaɗan bayan ta haifi 'yarmu ta fari. A lokacin ina koyarwa a wata firamare cikin Potiskum, muna zaune a unguwar Dogo Nini. Ita 'yar Gadaka ce, iyayenta Bolawa. Taron suna da zaman makoki a tabarma ɗaya aka yi su. Da aka watse, mahaifiyar matata, wadda nake kira Inna, ta naɗe jaririyar a zane ta hau motar kasuwa da ita. Yayar marigayiyar tana goyo a lokacin, ita za ta shayar da yarinyar. Ba wanda ya nemi shawarata.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta yabon tawakkalina, ina amsawa da amin. Gaskiyar magana, ba tawakkali ba ne. Na duba cikina ne na tarar babu komai. Ina cin abinci, ina shiga aji, ina rubutu a allo, yara suna maimaita abin da na faɗa. Wani lokaci sai an kaɗa ƙararrawar tashi zan gane cewa na gama darasi.

Motar Gadaka ba kullum ake samunta ba, kuma da damina tana iya wuni a kafe cikin laka. Ina da baƙin keke da na saya tun ina saurayi. Wata Asabar, bayan sallar asuba, na buga wa tayoyin iska, na ɗaura sabulu da ɗan yadi a kariyar bayan keken, na kama hanyar kudu. Daga ranar ya zama aikina: in tafi Asabar, in dawo Lahadi.

Kwalta ba ta wuce bakin gari ba a wancan zamani. Daga nan sai burji, jar ƙasa mai gargada, wadda ke girgiza mutum har haƙoransa su riƙa haɗuwa. Masu keke ba ma bin tsakiya. Akwai wani siririn layi a gefe da tayoyinmu suka daddale, shi muke bi. Ƙasar shimfiɗe take, ba hawa ba gangara. Da farko gonakin gero ne da dawa, sai su ƙare, daji ya karɓa: marke, ƙirya, kanya, tsamiya, sabara ta cike tsakaninsu. Akwai wuraren da rassa suka haɗe ta sama, sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Birai sukan tsallaka hanya a jere. Zabin daji sukan tashi gabanka da ƙara. Sai an kusa Fika duwatsu ke ɓullowa, a nan ne ƙafa take sanin ta yi aiki.

Na san wurin yana da kyau domin na ji mutane suna faɗa. Ni abin da nake gani shi ne tayar gaba da layin da take bi. Abin da ya sa hanyar ta yi mini daidai shi ne ba ta bukatar komai daga gare ni sai taka feda.

A wannan hanya na haɗu da wani dattijo Bafulatani. Na same shi a gindin kanya ya kifa kekensa, ƙaya ta huda masa taya, famfonsa kuma ya ƙi. Na ba shi nawa. Ya ce a unguwar Yindiski yake zaune, yana dillancin shanu a kasuwar Potiskum, amma garkensa yana kudu wajen 'ya'yansa, can yake zuwa dubawa. Na riƙa kiransa Baffa, shi kuma yana ce mini Malam. Ba mu taɓa yin alkawari ba, amma yawancin Asabar nakan tarar da shi a bakin gari yana gyara rawani.

Shi ya nuna mini wata hanyar. Idan ruwa ya ɓata burji, sai mu saki titi mu bi burtalin shanu ta cikin daji, mu ratsa wasu ƙananan ƙauyuka na Karekare, inda mata ke tsayar da daka su bi mu da kallo. Ta fi nisa, kuma akwai rairayi inda dole a sauka a tura. Baffa ba mai yawan magana ba ne. Ya san abin da ke kai ni Gadaka, wani ya gaya masa, amma bai taɓa ɗauko zancen ba. Sau ɗaya kawai, muna hutawa muna shan fura a wata ruga, ya dube ni ya ce, “Malam, kai ba ka gajiya ne?”

Na ce, “Ban sani ba, Baffa.”

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini ludayi.

A Gadaka, a zaure nake sauka. In cire takalmi in durƙusa, Inna ta gaishe ni daga bayan zana da Hausarta mai nauyin Bolanci. Sai a fito da yarinyar a ɗora mini a cinya. Nakan riƙe ta yadda mutum ke riƙe kayan da wani ya ba shi ajiya a tasha. Ina ganin tana girma: ta fara zama, ta fara rarrafe, haƙora sun fito. Ba na yi mata wasa, ba na kiran sunanta. Mutanen gidan suka ɗauka kunyar 'yar fari ce, har suna cewa Malam akwai kara. Na bar su a haka.

Shekarar da aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama, na sha mantawa. Wata safiya ni kaɗai, ina tafe a tsohon hannuna, sai ga babbar mota ta shanyo kwana ɗauke da buhuna. Direban ya danna oda, ya kauce, ni kuma na faɗa cikin sabara. Ya tsaya, ya sauko yana salati.

“Bawan Allah, so kake ka ja mini? Ba ka ji an canza hannu ba?”

Na ce na ji. Na miƙe, na karkaɗe riga, na saka tayar gaba tsakanin gwiwoyina na daidaita kan keken. Gwiwar hannuna tana jini. Direban ya tsaya yana kallona, kamar yana jiran in yi faɗa ko in gode wa Allah da ƙarfi. Na hau na wuce. Ko bugun zuciyata bai ƙaru ba.

Daga baya ruwa ya yi ƙaranci, ciyawa ta ƙi fitowa. Baffa ya ce 'ya'yansa za su ƙara gaba da shanun, zai raka su ya ga inda suka sauka. Ban sake ganinsa ba. Na tambaya a Yindiski, aka ce iyalinsa ma sun bi shi.

A wannan lokaci an riga an yaye yarinyar, tana gudu, tana magana. Mahaifiyata ta baro ƙauye ta dawo wurina da zama, ta kafa mini zance ɗaya: a kawo mata jikarta. Na isar da saƙon. Daga bayan zana Inna ta ce, “'Yarka ce, Malam.”

Ranar Lahadi da sassafe na ɗaura filo a ƙarfen gaba, na zaunar da yarinyar a karkace. Inna da kanta ta fito, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zagaya zane ta ɗaure ta a ƙirjina. Niyyata in mun samu mota a hanya mu hau. Tun kafin mu fita gari yarinyar ta fara kuka. Tana kiran Inna, tana faɗin wasu kalmomi da Bolanci waɗanda ban fahimta ba. Na ci gaba da taka feda. Muka wuce duwatsu, muka shiga daji, tana yi. Mota ba ta zo ba.

Can sai ta yi shiru. Na ɗauka barci ne. Na tsaya a inuwar wata tsamiya, na kwance zanen, na sauke ta. Idonta biyu. Na ba ta ruwa ta sha, na ba ta ƙuli ta karɓa ta riƙe. Na zaunar da ita a kan saiwa, ta zauna inda na ajiye ta. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli hanyar da muka baro ba. Ƙuda ya sauka a gefen bakinta, ba ta kore shi ba. Na tsuguna a gabanta na daɗe ina dubanta. Na san wannan zaman. Ban so in gan shi a jikin yarinya ƙarama ba.

Na sake ɗaure ta, na juya keken.

Rana ta take sosai lokacin da muka shiga Gadaka. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, aka gaya mata, ta fito da gari a hannunta.

“Mantuwa kuka yi?”

“A'a, Inna.”

Ta kwance zanen ta ɗauke ta. Sai da yarinyar ta ji ta a kafaɗarta sannan ta fasa kuka, mai ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Na sha ruwa, na yi azahar, na kama hanya. Mahaifiyata ta yi fushi na wani lokaci, daga baya ta daina tayar da maganar.

A Gadaka yarinyar ta girma. Na ci gaba da zuwa, amma ba kowace Asabar ba. Aka zo aka shimfiɗa kwalta, masu itace da masu gona suka ci dajin daga gefe zuwa gefe, motoci suka yawaita, ni ma na koma shiga mota. Na sake aure, na samu wasu 'ya'yan. Sai da ta isa shiga makarantar gaba da firamare ta dawo gidana da zama. Yarinya ce mai natsuwa, tana girmama ni, ƙannenta suna sonta. Mijin yayar mahaifiyarta take kira Baba. Ni Malam take ce mini, har yau da take da jikoki.