Yayana Mai Gyaran Agogo, Wanda Ya Sami Jirgi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, jirgin saman da ka shiga ya daki dutse. Gajimare ya rufe wa matuƙin hanya, kuma ba wanda ya tsira.

Yaya, da labarin ya iso gida ba wanda ya yi kuka. Inna ta ci gaba da ninke wanki, ta ce, "Wannan yaron? Ai yanzu haka yana can yana neman takalminsa."

Ba laifinta ba ne. Shekara talatin kana gyaran agogo, bangon shagonka cike da su, kowanne yana bugawa daidai, amma kai ba ka taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Da matarka ta haihu, ka je asibiti ka tarar an sallame ta. Ranar jarrabawata ka ɗauke ni a babur, muka isa ana tattara takardu, don ka tsaya mayar wa wani tsoho sarƙar kekensa. Na yi wata guda ina gaba da kai. Kullum makararka haka take, akwai wanda ka tsaya taimaka wa.

Shi ya sa muka ɓullo da dabara. In abu ƙarfe goma ne, sai a ce maka takwas. Ni aka ɗora wa aikin, don na fi kowa iya ƙarya da fuska a ɗaure, kuma ba ka taɓa harbo ni ba.

Da za ka je taron kammala karatun 'yarka, ni na yanka maka tikiti. Jirgin ƙarfe tara ne, na ce maka bakwai. Ka kira ni daga filin jirgi kana haki: "Ƙanwata, Allah ya taimake ni, su ma yau sun makara." Na yi dariya har da hawaye.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya gafarta wa duk waɗanda kuka tafi tare. Ya ba matarka da 'yarka haƙuri. Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Inna, har yau kina tambaya yaya aka yi ya sami jirgin nan. Na kasa faɗa miki da baki, ga shi na rubuta. Ni ce. Ki yafe mini.