Muryar Shehu Abdul-Mawjud

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Damanhur, idan aka yi rasuwa aka kafa rumfar makoki, Shehu Abdul-Mawjud ake kira ya yi karatun Alƙur'ani. Da muryarsa ya ciyar da iyali, ya aurar da 'ya'ya. Gidanmu na jikin nasa, kuma shi da kansa ya ba ni yawancin labarin nan.

A rumfar makoki baƙar gahawa ake sha, ba sukari. Makaranci kuwa shi ake fara miƙa wa, duk inda ya tsaya ya ja numfashi an ajiye masa sabon kofi. Mayar da shi raini ne ga masu makoki, don haka Shehu bai taɓa mayarwa ba. Da haka ƙwannafi ya kama shi.

Shekarun baya an yi masa aikin maƙoƙo, likita ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya da zai riƙa sha kullum da safe kafin ya ci komai. Da ƙwannafin ya matsa, sai matarsa Fatahiyya ta sayo masa farin maganin nan na kwalba mai kama da madara. Don kada ya manta, ta riƙa kawo masa su tare: ƙwayar a tafin hannu, cokalin farin magani a bayanta.

Sannu a hankali jikinsa ya yi nauyi. Sanyi yake ji tsakar rani, fuska ta kumbura, murya ta fara dishewa.

Abokinsa Hilmi wanzami ya ce masa, "Shehu, tukunyar Fatahiyya ce ta hau maka kumatu. Ka rage cin agwagwa, ka bar wa talakawa."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Ƙwannafi ne ke ƙona mini maƙogwaro."

Haka ya ɗauka, shi ya sa ya mayar da cokali ɗaya biyu. Da ya je asibiti likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani ban da ƙwayar, ya ce babu. Ba ƙarya ya yi ba. A wurinmu farin maganin nan ba a lissafa shi cikin magunguna, tsakanin maƙwabta ake miƙa shi kamar gishiri.

Ranar da mahaifiyar wani babban attajirin shinkafa ta rasu, rumfa ta cika har bakin titi. Shehu ya hau kujera ya fara, ya kai tsakiyar aya murya ta ƙi tashi. Ya sake ɗaukowa, sai wani gurnani ya fito ta lasifika. Mutane suka sunkuyar da kai. Aka sa wani matashin makaranci da ya zo daga garin Tanta ya ƙarasa.

Bayan nan ya daina fita. Fatahiyya ce ta je kemis ɗin Girgis sayen wata kwalbar farin maganin, Girgis kuwa ya ce, "Hajiya, wanka Shehu yake yi da shi? Wane lokaci yake sha?"

"Da safe mana, tare da ta maƙoƙon."

Girgis ya mayar da kwalbar kan kanta. Ya bayyana mata cewa farin maganin yana riƙe ƙwayar a ciki ya hana ta shiga jiki, dole a raba su da sa'o'i, kuma su koma wurin likita a auna jininsa. Ta dawo gida ta zauna a bakin ƙofa, ta kasa shiga.

Shehu ya kira ta da sunan ɗansu ya ce, "Tashi, uwar Sabri. Ke kika miƙo, amma ni na buɗe baki."

Cikin 'yan watanni kumburi ya saɓe, murya ta dawo, ko da yake ba ta kai inda take kaiwa da ba. Sai dai masu kafa rumfa sun riga sun saba da matashin Tanta, kuma ba mai son ya gwada muryar Shehu a kan mamacinsa.

Yanzu ranar Alhamis yake zuwa maƙabarta, ya karanta wa matan da suka zo ziyara, su ba shi gurasa da dabino. Na tambaye shi ko yana kewar rumfa. Ya ce, "Da na sauka da kaina, ɗana, da ban damu ba. Amma a tsakiyar aya aka sauke ni."