Yatsan Goggo a Zauren Majalisa

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ranar da aka ɗaga babban yatsan goggona a zauren majalisa ba.

Goggo yayar mahaifina ce, a Yendi take, ba miji ba ɗa. Tun tana budurwa take yin man kaɗe: ta soya ƙwarar kaɗanya a kasko, ta niƙa, ta cuɗa da hannu har mai ya taso. Da ƙarfinta ya ja baya aka sa ta cikin tsofaffin da ake ba tallafi, da shi take sayen maganin hawan jini. Sai aka kawo na'urar dangwala yatsa don tantance masu karɓar tallafin. Goggo ta dangwala, na'ura ta ƙi. Ta goge a zane, ta sake, shiru. Ashe wuta da ruwan zafi sun shafe zanen yatsunta tas. Zuwa uku ana haka, aka cire sunanta.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, duk kasuwar hatsi an sani. Na je ofishin tallafin na zazzage musu masifa. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, ta hutar da hannun na ɗan lokaci, zanen zai dawo." Na ce, "Ta hutar ta ci me? Na'urarku?" Yanzu in na tuna kunya nake ji, bawan Allah umarni yake bi.

Da ɗan majalisarmu ya zo ta'aziyya unguwarmu, na tare shi a bakin mota. Ya ce zai shigar wa minista tambaya, amma majalisa ba ta aiki da "an ce", in kawo shaida. Na sayi tawada da farar takarda, na bi tsofaffin masu man kaɗe gida-gida, kowacce ta dangwala. Babu zane ko ɗaya, sai baƙaƙen tabo sumul. Na kai wa ɗan majalisar, amma wallahi na ɗauka a ƙarƙashin kujerar mota takardar za ta ƙare.

Watanni suka shige, magani ya yanke, ƙafafun Goggo suka kumbura. Ranar da aka kira tambayar muka taru a rumfata muna kallo a waya, ina fassara wa Goggo. Minista ya ce waɗanda aka cire ba su gabatar da kansu ba ne, wataƙila ma wasu sun rasu. Goggo ta ce, "Ni ce na rasu?" Sai ɗan majalisarmu ya nemi izinin ƙarin tambaya, ya ɗaga takardata sama, ya ce ga yatsunsu nan, aiki ne ya cinye su. Wata 'yar majalisa daga ɓangaren Salaga, ba ma jam'iyyarsu ɗaya ba, ta miƙe ta ce haka hannun masu kyafe kifi a Makango da ke yankinsu yake. Minista ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallonta, ya ce za a duba.

"Za a duba" ɗin nan na sha jin ta, ban sa rai ba. Amma kafin sabuwar kaɗanya ta zuba aka kira tsofaffin, aka ce za a tantance su da fuska da katin shaida. Goggo ta saba, tana zama ta miƙa yatsa. Ma'aikacin nan da na yi wa tas ya riƙe hannun da hannu biyu, ya ce, "Iya, bar shi ya huta, fuskarki ta isa." Sai na ji hawaye ya zubo mini.

Tun daga ranar na gane cewa duk masifata ba ta wuce ƙofar ofis ba, takardar tsofaffin nan ce ta kai majalisa a Accra. Yanzu in abu ya ɓata mini rai, kafin in buɗe baki sai na nemi abin da zan nuna.